Kar garin cire ƙullun wasa mu ƙona kan ɗiya

 Maganar da munka zo da ita yau za ta yi ma wasu kama da wasa. Wani zai ce ana fama da tsadar hatsi da wahalar ruwa, su ko ƴan rediyo sun tsaya zancen ƙullun da yara ke wasa da shi. To a yi mana haƙuri a kai ƙarshe. Mun ga abin da wanga ƙullu ya jawo cikin gidanmu, kuma da hannunmu a cikin ɓarnar.

Hutun lakwal da ya wuce, wata ɗiyar danginmu ta zo mana hutu daga Yamai. Cikin salular uwarta ta ga bidiyon yadda ake haɗa wani abu mai yauƙi da ake ce ma silaim, ana jan shi kamar danƙo, ana murza shi, ana naɗe shi. Ta tara ƴan uwanta bayan ɗaki, sunka samo farin kol na lakwal, da garin omo, da ɗan shuɗin wanki, sunka kwaɓa cikin gwangwanin tumatir. Abin bai haɗu kamar na bidiyo ba, ya tsaya wani kwaɓaɓɓen abu mai kama hannu. Cikin dariya ɗaya ta ɗora shi bisa kan ƙaramarsu, ɗiyar yayanmu mai shekara 6. Ranar anka gama yi mata kitso, wuni guda ana yi, don gobe akwai biki. Rigar jikinta ma sabuwar shadda ce da ubanta ya aiko daga Abijan.

Uwar ta fito ta gani, ta ɗora hannu a ka. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce: "Ke dai sa mata kananzir, ai shi ke fidda fenti." Mu da munka yi lakwal har lise, mu munka shiga ɗaki munka ɗauko kwalbar. Anka tsiyaya ma yarinya a ka, ana murzawa tana kuka, ga murhu na ci taku biyar daga wurin. Allah ya kiyaye, wuta ba ta kama ba. Amma ƙullun bai fita ba, sai ƙara shiga kitson da ya yi. Kafin dare fatar kanta ta yi ja, da safe ta kumbura tana ƙaiƙayi. Daga ƙarshe sai reza anka sa, anka aske kan ƙwal. Babbar kuwa ta sha bulala har ta kasa cin tuwon dare.

Da munka kai ƙaramar asibitin CSI, majo ya duba kan, ya tambayi abin da anka sa. Da munka gaya masa, ya girgiza kai ya ce ƙullun bai yi mata komi ba, kananzir ne ya ci fatar. Ba ta je bikin ba. Da anka koma lakwal, sati biyu tana ƙin zuwa don yara na yi mata dariya. Garin gyaran gira mun kusa rasa ido.

Daga ranar munka zauna munka karanta, munka tambayi masu aikin lafiya, har munka kwaɓa ƙullun da kanmu munka shafa ga tsumma don mu gwada. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, duk maganin yana cikin gidan a ranar: man gyaɗa, lemun tsami, ruwan ɗumi, da haƙuri. Haƙurin ne kaɗai ya yi mana ƙaranci.

Mi ne ne ma silaim ɗin?

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin kayan wasa na Mattel a Amurka ya fara saida shi tun 1976, ana yin shi da wani irin ƙaro da ake samu daga ƙwayar tsiron guwar. Abin da ya sake shi ne, wajen 2016 da 2017 yara sunka koyi haɗa shi da kansu a gida, bidiyonsa ya cika YouTube da Instagram. A 2017, cikin duk tambayoyin "yaya ake yin kaza" da mutane sunka yi ma Google, ta yadda ake haɗa silaim ce ta zo kan gaba. Abin da ya yi tashe can, ko ya daɗe sai ya iso nan, tunda salular da ƴan biɗa ke aiko ma iyali daga Kwaddibuwa da Libiya da Najeriya, rabin wuni a hannun yara take.

Yadda yake haɗuwa ba wuya a gane. Cikin farin kol akwai wasu zarurruka dogaye, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su, suna sulɓi bisa juna, shi ya sa kol ke zuba. In an sa masa wani farin gari da ake kira boraks, irin wanda maƙeran zinariya da azurfa ke aiki da shi wajen liƙi, sai ya riƙa ɗaure zare da zare. Ku duba tabarmar Madawa: kaba ɗaya-ɗaya ba ta da wani ƙarfi, amma in an saƙa ta sai ta zama abu guda. Haka kol ke komawa danƙo. Tsami kuma shi ke warware wannan saƙa. Iyayenmu mata sun san makamancin wannan a bakin murhu: kanwa na ƙara ma miyar kuɓewa yauƙi, tsami na kashe shi.

Yaranmu na nan ba kasafai suke samun boraks ba, sai su sa abin da hannunsu ya kai: omo, sabunin ruwa, man goge baki, kumfar aski. Shi ya sa nasu ba ya haɗuwa sosai, kuma wanda bai haɗu ba ya fi kama gashi da tufafi. Amma duk da haka, muddin farin kol ne, ruwan ɗumi na narkar da shi. Wannan kaɗai da mun sani, da ba a kai ga reza ba.

In ya shiga gashi

Da farko a zaunar da yaro a rarrashe shi. Yaron da ke kuka yana fizge-fizge shi ke ƙara tura abin cikin gashi. A sa yatsa a ɗebe wanda ke sama a hankali, ban da ja. Sai a jiƙa wurin da ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda ake ma jariri wanka da shi. A kawo man gyaɗa, ko man kaɗe da anka narkar, ko man shanu, a shafa ya ji sosai, a bar shi kamar minti 10 zuwa 15. Mai ba ya narkar da ƙullun, sulɓi yake sa gashi ya yi har ƙullun ya rasa wurin kamawa. Daga nan a ɗauki mataji mai manyan haƙora, a fara daga bakin gashi ana hawa sama kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara daga gindi ya yi ƙasa, ya tara ƙullun wuri guda ya ɗaure gashin.

In kitso ne, a tsefe layin da abin ya taɓa kaɗai, daga ƙarshensa, bayan man ya jiƙa shi. Ba sai an tsefe kai duka ba. Masu yoɗo a gida, wanda wasu ke ce ma karkashi, su jiƙa shi su yi aiki da ruwansa. Kakanninmu da shi suke wanke kai suna tsefe gashin da ya cukurkuɗe, kuma nan ma yana taimakawa.

In an yi haka da saura, sai a koma ga tsami. A samu binegar, farin nan da masu saida salati ke zubawa, a gauraya shi da ruwa rabi da rabi. In babu, a matse lemun tsami cikin ɗan ruwa. A kwantar da kan yaro baya, a rufe masa ido da tsumma mai tsabta, a jiƙa wurin, a jira minti kaɗan, a sake tajewa. In akwai ƙurji ko rauni ko makero a kan, kar a sa tsami, a tsaya ga mai da ruwan ɗumi ko da za a maimaita sau uku. A ƙarshe a wanke da sabuni. Duk aikin bai cin rabin bokiti, mun san darajar ruwa a Adar.

In ya kama tufafi

A sa bayan cokali a kankare na sama. Kar a murza, murza ke tura shi cikin zare. A zuba binegar ko ruwan lemun tsami a wurin, a bar shi kamar minti 10, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da ruwan ɗumi, sannan a wanke da sabuni kamar kullum. In ya riga ya bushe, a jiƙa rigar cikin ruwan ɗumi ta daɗe har ya yi laushi, sannan a bi wannan hanya. Shadda da atamfa da kayan rini, a fara gwada tsamin can cikin kalmasa inda ba a gani, don wani rinin na zuba. Ruwan tsamiya na da tsami, amma yana barin tabo ga farin tufa, a bar shi ga kunu. Kuma kar a kai riga wurin guga sai an tabbata ta fita tas, zafin dutsen guga na kafe kol da kala cikin yadi.

Rigar ɗiyarmu da anka jefar gefe an fidda rai da ita, bayan kwana uku munka bi wannan hanya ta fita. Tana sa ta har yanzu. Gashin ne ba ya dawowa da wanki.

Abin da ba a yi ko kusa

Kananzir da isansi da gazuwal ba su da wurin zama a kan yaro. Suna cin fata, tururinsu na shiga huhu, kuma isansi ba sai wuta ta taɓa shi ba, tururinsa kaɗai na jawo ta daga murhu ko ashana. Mun san wasu har ƙwarƙwata suke kashewa da kananzir. A daina, don Allah.

Kar a haɗa jabel da binegar ko lemun tsami, ko cikin bokiti ɗaya, ko a zuba wannan bisa wancan a jikin riga. Haɗuwarsu na fidda iskar kulor mai guba, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Mai wanki cikin ɗaki rufe tana iya faɗuwa. Wannan ya shafi kowane wanki, ko babu zancen silaim.

Sannan kol ba iri ɗaya ba ne. Yaron da bai samu fari ba yana iya ɗauko sufa-gulu, ko sholisho na masu faci, ko kol ɗin kama ɓera. Na ɓera da sholisho, mai ne maganinsu: a shafa man gyaɗa, a jira, a goge, a wanke da sabuni. Sufa-gulu in ya liƙe yatsu, a jiƙa cikin ruwan ɗumi mai sabuni ana motsawa a hankali, kar a ɓamɓare da ƙarfi, kar kuma a goge shi da auduga yana ɗanye, don in ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya ƙona fata. In ido ya liƙe kar wanda ya buɗe shi da ƙarfi, a rufe da tsumma mai jiƙe a nufi asibiti.

In ƙullun ko ruwan omo ya faɗa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a kai likita. In ƙaramin yaro ya haɗiye, kar a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kar a ɗura masa komi da ƙarfi. A ɗauke shi tare da gwangwanin da kwalin abin da anka haɗa, majo ya gani da idonsa.

Shi kansa ƙullun fa?

Ba mu ce ba ya da illa ba. A 2016 hukumar lafiya ta Kanada ta shawarci iyaye su daina sa boraks da danginsa cikin kayan wasan da ake haɗawa a gida. A watan Mayu na 2018, hukumar ANSES ta Faransa ta ja kunnen jama'a bisa ƙuna da ƙaiƙayi da kumburin fata da anka gani a hannun yaran da ke yawan murza wanda anka haɗa da omo da kol da sauran kayan da ba don wasa anka yi su ba. A shekarar dai, ƙungiyar kare masu saye ta Which? a Ingila ta auna iri 11 na silaim ɗin kanti, ta tarar 8 sun zarce iyakar da Tarayyar Turai ta sa ma sinadarin boron, wato miligiram 300 cikin kilo ɗaya. In ƙasashen da ke da masu auna kayan wasa sun samu haka, ina ga kayan da ke shigo mana kasuwa cikin leda babu ko rubutun da za a karanta?

Saboda haka yaron da ke da ƙurji ko tsagewa a hannu kar ya taɓa. Wanda ya taɓa ya wanke hannu kafin cin abinci. A nisanta shi da masu rarrafe, su komi baki suke kaiwa. Kwanon da anka kwaɓa shi ciki kar ya koma ɗakin girki.

Bulala da ƙwace salula

Da munka taɓo zancen a cikin shiri, wani dattijo ya bugo ya ce magani ɗaya ne, a ƙwace salula a zane yaro, gobe ba ya sakewa. Baba, mun ji, kuma akwai gaskiya cikin maganarka: ba daidai ba ne a miƙa ma ɗan shekara 8 salula a juya baya. Amma mun ga abin da bulala ta haifar a gidanmu. Yaran ba su daina ba, ɓoyewa sunka koma yi a kangon bayan gida. Yaron da ke tsoron duka, in abu ya faɗa masa ido ba zai zo ya faɗa ba, sai ya tsaya yana murzawa har ido ya lalace. Mun fi son wanda zai rugo ya ce "Inna, ga abin da ya same ni" tun abin yana ƙarami.

Mu tuna kuma da namu ƙuruciyar. Wa bai taɓa dawowa gida da ƙaro a aljihu ya liƙe masa wando ba? Wa cingam bai taɓa kwana a gashinsa ba? Mun gina shanu da raƙuma da yumɓu, mun ƙera motar kara, mun dafa tawadar allo da ƙaro har ta ɓata mana riga. Yarinyar da ta kwaɓa kol da omo don ta ga mi zai faru, irin tunanin da mushe ke wahalar dasawa a aji ne ya motsa mata. A lise an koya mana asid da baz a bisa allo, mun haddace mun ci jarrabawa, amma ranar da ilimin zai yi mana rana a tsakar gida, kwalbar kananzir munka ɗauko. Wannan kunyar tamu ce mu manya.

Ƙasar nan ta san amfanin hannun da ba ya tsoron ƙazanta. Tun daga 1984 da aikin Furoje Kaita ya fara da tallafin Italiya da hukumar FAO, iyayenmu, galibi mata, su sunka ɗauki duwatsu a ka, sunka tare ruwa, sunka dasa itatuwa bisa fako har ƙasa ta farfaɗo. Jikokinsu ne waɗannan masu kwaɓe-kwaɓen. A nuna masu abin da za su kwaɓa ba tare da cuta ba.

Ga guda mai sauƙi: garin sitaci na rogo ko na masara cokali 4, ruwa cokali 2. In an buga shi ya yi tauri, in an sake shi ya zuba kamar kunu. Yara na mamakinsa ƙwarai, babu guba ciki, kuma in ya bushe a riga kakkaɓewa kawai ake yi. Ga ruwan yoɗo ga mai son yauƙi. Ga yumɓu nan kyauta, sai dai kar a bar yara su tafi ɗiba bakin baraji su kaɗai. A ɗaure ma ƴan mata kallabi, a sa tsofaffin tufafi, a yi wasan a tsakar gida inda babba ke gani.

Kiranmu

Iyaye mata, ku aje ɗan man gyaɗa da lemun tsami a zuciya, ranar da abin ya faru ku tuna da su kafin almakashi. Masu kitso, ku ake fara kawo ma irin wannan kai, ku riƙe hanyar nan ku koya ma wasu. Masu butiki, in ƙaramin yaro ya zo sayen sufa-gulu ko sholisho ko kol ɗin ɓera, ku tambaye shi wa ya aiko shi, dala ashirin ɗin ba ta kai idon ɗan maƙwabci ba. Mushe da madam, darasi guda na rabin awa bisa tsami da kanwa, da haɗarin jabel da binegar, zai shiga gidajen da muryarmu ba ta kai ba. Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan da Tirabulus da Legas, in kun aiko salula ku biyo ta da magana, ku tambayi mi yara ke kallo a ciki.

Ɗiyarmu gashinta ya fara tohowa, har an samu na kamawa da zare. Rannan tana zaune muna shan shayi ta ce mana: "Baba, in ya sake zuba mini, man gyaɗa za a sa ko?" Munka ce mata i, man gyaɗa. Wanda ya karanta wannan ya karanta ma wadda ba ta iya karatu ba a gidansu, ya kuma gaya ma maƙwabciya. Allah shi kiyaye mana ɗiyanmu, shi raya su, shi ba mu haƙurin riƙon su. Sai mun haɗu a shiri na gaba.